Komai ya kumbura a fuskar kwamfutar maigidana

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Da kwamfutar tafi-da-gidanka ta maigidana nake shigar da makin jarrabawar ɗalibaina. Shekaranjiya na tashi duba girki, na bar ta a buɗe a kan tabarma. Ko da na dawo, sai na tarar da autana ɗan shekara huɗu ya duƙufa a kan madannan da hannu bibbiyu.

Tun daga lokacin komai ya kumbura. Sunan ɗalibi ɗaya ya cinye rabin fuskar, layin ƙasa mai agogo ya ɓace, in na ja kibiya zuwa gefe sai fuskar ta riƙa zamewa tana bin ta. Na rufe murfin na buɗe ya fi sau biyar, shiru. Na kira wani mai gyara, ya ce sai an canza gilashi. Maigida ya yi tafiya, ranar Asabar zai dawo, kuma ban faɗa masa ba. Wallahi ko barcin kirki ba na yi.

Ƙanwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, kada ki biya kowa ko sisi tukuna. Gilashin da ya lalace tsagewa yake nunawa, ko baƙin tabo kamar an zuba tawada, ko layuka masu launi. Ba ya ƙara wa rubutu girma.

Zamewar nan da kika ce fuskar tana yi tana bin kibiya, ita ta tona asirin matsalar. A cikin Windows akwai madubin ƙara girma mai suna Magnifier, wanda aka yi domin masu raunin gani. Yana buɗewa ne idan aka danne maɓalli mai tambarin Windows tare da alamar tarawa, kuma duk ƙarin dannawa ƙarin girma ne. Ina kyautata zaton abin da autanki ya taka ke nan. Rufe murfi ba ya kashe shi, domin kwamfutar barci kawai take yi, ta farka yadda kika bar ta. Ki danne maɓallin Windows ɗin, ki taɓa Esc da ke can sama ta hagu. Nan take komai zai koma mazauninsa, in sha Allah.

In bai koma ba, to ma'aunin fuskar ne ya sauya. Ki kai kibiya fili inda babu komai, ki danna ɓangaren dama na linzami, ki zaɓi Display settings. Abu biyu za ki duba: Scale, wato girman rubutu, da Display resolution, wato ma'aunin fuskar. A kowanne ki ɗauki wanda aka rubuta Recommended a gabansa. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu 1366 da 768 ne ma'auninsu, girman kuma kashi 100. Da kin canza ma'aunin za ta tambaye ki ko a bar shi haka. In ba ki amsa ba cikin daƙiƙa 15, da kanta za ta koma yadda take, don haka kada ki ji tsoron gwadawa.

Idan kuma taga ɗaya ce kawai ta zarce, har maɓallin adanawa ya nutse ƙasa, ki danna Windows da maɓallin kibiyar sama, za ta daidaita da fuskar.

Batun maigida kuwa, ki kira shi yau ki faɗa masa. Ɓoyewar ce ta hana ki barci, ba kwamfutar ba, kuma zai fi jin daɗi ya ji daga bakinki. Autan ma kada a dake shi, ya ga Umma tana dannawa ne shi ma ya kwaikwaya. Nan gaba in za ki tashi duba tukunya, ki danna Windows da harafin L, kwamfutar za ta kulle har ki dawo.