La'adar ejan bayan an fasa haya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ejan gidaje ne a Kano. Na sama wa wani gida a kan naira dubu 600 a shekara, ya biya, ya ba ni la'ada dubu 60, ya karɓi makulli. Bai rufa wata ba ya ce an yi masa canjin wurin aiki, kuma dama ɗaki ɗaya yana yoyo. Mai gida ya mayar masa da kuɗinsa. Yanzu ya matsa sai na dawo da la'ada, ni kuwa na kashe. Haƙƙinsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Halascin dillanci da la'adarsa ba abin tsayawa ba ne. Abin da ya tsayar da ni, ɗan'uwa, shi ne maganar yoyon nan da ka saƙala a tsakiya ka wuce. Dalili biyu ka kawo, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

In canjin aiki ne ya tashe shi, mai gida ya ji tausayinsa ya mayar masa da kuɗi, wannan iƙala ce, wato warware ciniki da yardar juna. La'adarka ta halatta, ba ya bin ka ko sisi.

Akwai masu cewa la'ada jelar haya ce, in haya ta warware ita ma ta warware, ko a lissafa kwanakin da ya zauna a ba ejan gwargwadonsu. Wannan magana ba ta da ƙarfi. Ba a ɗauke ka don ka zaunar da mutum shekara ba, an ɗauke ka ne ka nemo gida ka haɗa shi da mai shi. Ka yi yawo a rana, ka buɗe masa gidaje, an yi tsada, an biya, makulli ya shiga hannunsa. Ji'ala ke nan, wato yarjejeniyar biyan mutum in ya cimma wani aiki, ladanta yana tabbata da kammala aiki, aikinka kuwa ya kammala a ranar. Sannan a mazhabar Malikiyya iƙala sabon ciniki ce, in ban da wasu 'yan wurare da ba su shafe mu ba. Ta yaya cinikin da mutum biyu suka ƙulla daga baya, ba da kai ba, zai rushe haƙƙin da ya riga shi? Da an buɗe wannan ƙofa, mai gida da ɗan haya sai su haɗa baki su ce sun fasa, su ƙwace la'ada, gobe su sake ƙullawa a bayan idonka. Sai fa in tun farko kun yi sharaɗin mayarwa, to sharaɗi yana aiki.

In kuwa yoyon ne ainihin dalili, kuma ya girmi hayar, ba a gaya masa ba, an koma babin aibi. Shehu Halil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ambaci wannan a littafinsa Mukhtasar a kan saye da sayarwa, haya ma hanyar take bi. Mai gida ya sani ya ɓoye, kai ba ka sani ba: la'adarka tana nan, ɗan haya ya bi mai gida. Ba wanda ya sani a cikinku: ka mayar. Kai ka sani ka yi shiru, ko ka ga tabon ruwa a silin ka ce masa tsohon tabo ne an gyara: ka mayar, ka kuma tuba, domin algus ne. Kashe kuɗin da ka yi ba ya sauke su daga wuyanka, ka nemi ya ɗaga maka ƙafa ka biya a hankali.

Kai ka san wanne ne gaskiya, ba ni ba. Gidan da ka saba sa mutane a ciki, da wuya damina ta wuce ba ka ji labarin rufinsa ba.

Ko da hukunci ya ba ka, gidan nan zai dawo hannunka, ka sa wani, ka karɓi sabuwar la'ada a shekara ɗaya. Ka rage wa bawan Allahn nan wani abu, yana da jigilar kaya a gabansa. Wanda zai shiga kuma, ka nuna masa ɗakin kafin ya biya, ka sa mai gida ya kira kafinta. Nan gaba ka rubuta a takardar haya wa ke biyan la'ada da abin da za a yi in an fasa. Kuma kada ka ɗora wani abu a kan kuɗin da mai gida ya yanka ba da saninsa ba.

Wallahu a'alam.