Tudun nan mai siffar tauraro a Newark

Tambaya: Malam, na ga hoton wani tudu mai siffar tauraro a garin Newark na Ingila, aka ce sansanin yaƙi ne. Mutanen da ke da dutse da magina, me ya kai su ga tara ƙasa? Kuma yaya aka yi bai zaizaye ba?

Amsa: Sunansa Queen's Sconce, kuma igwa ce ta kai su ga ƙasa. Harsashin igwar wancan zamani dunƙulen ƙarfe ne. In ya daki katangar dutse sai ta tsage, ɓaraguzai su raunata na ciki. In ya faɗa tudun ƙasa kuwa, nutsewa yake yi, shi ke nan. Ga araha, ga sauri: shebur da kwando da hannu da yawa sun wadatar.

A 1642 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisar dokoki. Newark ta bi sarki, kuma tana zaune a mashigar kogin Trent kan babbar hanyar arewa, don haka sau uku aka yi mata ƙawanya. A 1644 masu kare garin suka ɗaga wannan tudu a bayan gari.

Sake duba hoton da kyau. Murabba'i ne, kowace kusurwa ta fito da tsini kamar kan mashi, gwalalo mai zurfi ya kewaye shi. Tsinin nan ba ado ba ne. Duk wanda ya gangara gwalalon ya fara rarrafen hawa, 'yan bindigar da ke kan tsinin dama da na hagu suna kallon haƙarƙarinsa, babu lungun fakewa. Sojojin da suka yi yaƙe-yaƙen Holan ne suka zo da wannan dabara.

Ba a taɓa cin garin da ƙarfi ba. Sai a watan Mayun 1646 ya miƙa wuya, shi ma da umarnin sarki, bayan sarkin ya ba da kansa ga rundunar Sikotlan a garin Southwell.

Batun zaizaya kuwa, saiwar ciyawa ta riƙe ƙasar. A ganina ma ruwan sama ba shi ne babban abokin gabar irin waɗannan tuddai ba, mutum ne. Takwaransa King's Sconce, da ke ɗaya gefen garin, tuni ya shafe. Ganuwar da mutanen Landan, maza da mata, suka tayar a 1643, shekara huɗu kawai ta yi aka baje ta. Shi Queen's Sconce yau yana tsakiyar wurin shaƙatawa, yara na tsere a kan tsinin da aka girke igwa.