Tambaya da Amsa: Ire-iren Ja a Sinanci

Tambaya: Malam, na nemi jan yadi daga Guangzhou, sai aka turo mini ruwan hoda. Yaya ake bambancewa?

Amsa: Alhaji, kalmar hóng (红) ja ce kawai, kowane iri. Sai ka ɗora mata wata a gaba. Dàhóng (大红) shi ne ja wur, na biki da sabuwar shekara. Shēnhóng (深红) ja mai duhu, fěnhóng (粉红) kuma ruwan hodar da aka kawo maka. Zǎohóng (枣红) ya yi kalar busasshiyar magaryar Sin, ja mai ratsin ƙasa-ƙasa. Ga shadda, ya fi kwanciya a ido.

Muryar hóng tana hawa sama. In ta karkace, wata kalmar ce. Don haka tura musu rubutun Sinancin tare da ƙyallen samfuri, hoton waya yakan canza launi.