Tofa ta cinye gonar, shi ya sa take araha: in saya ko in bari?

Tambaya: Malam, an yi mini tayin gona hekta biyu a wajen Kontagora, kuɗinta bai kai rabin na maƙwabtanta ba. Matsalar ita ce tofa ta rufe ta. Wani dattijo ya ce mini tofa tana zuba wa ƙasa guba, ko na nome ta ba abin da zai yi kyau. Gaskiya ne?

Amsa: Dattijon bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan ƙara gishiri. Akwai tsirrai da ke fitar da sinadarai ta saiwarsu ko ta ruɓaɓɓen ganyensu, su hana irin wasu tsirrai tsirowa ko su tsumbure su. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Molisch, shi ya raɗa wa wannan hali suna a 1937, kuma tofa tana cikin ciyayin da aka samu da shi. Amma irin waɗannan sinadarai ba su daɗewa. Ruwan sama yana wanke su, ƙananan halittun cikin ƙasa suna cinye su. Ƙasar ba ta mutu ba.

Abin da zai sha maka kai yana ƙarƙashin ƙasa. Ka je da fartanya ka haƙa kamu ɗaya ko biyu, za ka ga farar saiwa ta saƙu kamar tabarma, bakinta da tsini kamar allura. Tsinin nan yana huda doya da rogo, yana huda tafin ƙafar mai noma ma. Duk guntun da garma ta yanka ta bari, sabuwar tofa ce. Wuta kuwa gata ce gare ta: ka ƙone sama, saiwar tana kwance lafiya, ita ce za ta riga kowa tohowa.

Abin da tofa ba ta jurewa shi ne inuwa. Manoman kudancin Jamhuriyar Benin sun ci galabarta da mukuna, 'yar uwar karara amma marar ƙaiƙayi, wadda ke yaɗo ta lulluɓe gona har tofar ta shaƙe. Don haka ka yi lissafi da gaskiya: kuɗin feshin maganin ciyawa na glyphosate lokacin da tofar ke da ɗanyen ganye, kuɗin kaftu, da damina ɗaya ko biyu da ba za ka ci wata riba ba. Ka ɗora wannan a kan kuɗin gonar. In har yanzu tana ƙasa da ta maƙwabta, ka saya. In kuma da bashi za ka saya kana jiran amfanin bana ya biya, ka haƙura. Araha ba ta ado.

Tambaya: Na ga ana tallar wani maganin ciyawa a Facebook, wai daga ganyen ciyayi aka tatso shi, ba sinadarin Bature a ciki. Ina da lambun tumatir da albasa a bayan gida. In saya?

Amsa: Hajiya, ki fara tambayar mai tallar abu biyu: lambar rajistar NAFDAC, da sunan sinadarin da ke aiki a ciki. In ya fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.

Dabarar kanta ba tatsuniya ba ce. A 1977 wani mai bincike a Kalifoniya ya lura ciyawa ba ta fitowa sosai a gindin wani itacen ado ɗan asalin Ostareliya da ke gidansa. Aka bi diddigi aka gano sinadarin da ke wannan aiki. Amma na itacen ba shi da ƙarfin da zai yi amfani a gona, sai da aka yi shekaru ana sarrafa shi kafin a fito da maganin ciyawa mai suna mesotrione, wanda kamfanin Syngenta ya kai kasuwa a 2001 da sunan Callisto, masu masara suna amfani da shi har yau. Shekara ashirin da huɗu ke nan tsakanin gani da kwalba. Wanda ya ce ya jiƙa ganye a duro ya samu irin wannan, ni dai ina da ja.

Sannan ki tuna sinadarin da ke hana irin ciyawa tsirowa bai san irin albasarki ba. Kuma fitowa daga tsiro ba ta sa abu ya zama marar cutarwa: ciyawar fateniyam da ta addabi Indiya da Habasha tana danne amfanin gona da sinadarinta, tana kuma sa wa mutane ƙaiƙayin fata da ciwon ƙirji. In an riga an ba ki kwalbar, ki gwada a kwami ɗaya a gefe, ki bar wani kusa da shi ba feshi, ki duba bayan mako biyu. Ga lambun bayan gida, shimfiɗa busasshiyar ciyawa marar iri tsakanin shuka da cira da hannu sun fi sauƙin kuɗi.

Tambaya: Ina so in kewaye gonata da itacen turare don in riƙa sayar da azara. Zai cutar da gero?

Amsa: Zai taɓa layukan da ke kusa da shi, ba makawa. Ganyensa yana da mai mai ƙamshi da ke rage tsirowar iri, amma ni abin da na fi ji shi ne ƙishirwarsa: saiwarsa tana shiga gona ta sha ruwan da geron ke jira. Dubi gindin turare a kowace makarantar firamare, fes kamar an share. In kasuwancin itace kake so, ware masa kusurwa guda ka tara shi can, ka haƙa rami tsakaninsa da gonar don datse saiwa. A cikin gonar kuwa gawo ne abokin gero: yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya ba shuka rana da taki, da rani kuma awaki su samu 'ya'yansa. Yana da jinkirin girma, don haka in ka ga ƙaramin gawo ya fito da kansa a gonar, ka kafa masa ƙaya kada dabbobi su cinye.