Shin Tsufa Yana Sauke Mutum Daga Hidimar Allah?

Tambaya: Malama, kakata tana da shekara 79, kuma ta fi shekara 30 tana bi da addu'a a zumuntar mata. Yanzu an sauke ta, wai muryarta ta yi ƙasa kuma tana jan addu'a da tsawo. Wani dattijon ikilisiya ma ya ce ai Allah bai taɓa yin magana ta bakin mace ba. Tun daga ranar take zama a bencin baya, ba ta cewa uffan. Me zan gaya mata?

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ta taɓa mini zuciya. Bari in fara da maganar dattijon nan, domin kuskure ne, ko da yake girmansa na nan.

Ki buɗe 2 Sarakuna 22. A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya aka tsinci littafin Shari'a a Haikali, aka karanta wa sarki, ya yayyage tufafinsa don tsoro. Sai ya tashi mutum 5, har da Hilkiya babban firist, su je su nemi nufin Ubangiji. Wurin wa suka nufa? Wurin Hulda, annabiya, matar Shallum mai kula da ɗakin tufafi. Lokacin kuwa Irmiya ya riga ya shekara 5 yana annabci. Babban firist da kansa ya tsaya gaban mace ya saurara, ya koma ya isar wa sarki da saƙon yadda ta faɗa. Ga annabiya Maryamu, 'yar'uwar Haruna, a Fitowa 15, ga Debora da take yi wa Isra'ila shari'a a gindin dabino tsakanin Rama da Betel, ga 'ya'yan Filibus mai bishara, mata 4 masu annabci, a Kaisariya.

Amma wadda nake so ki karanta wa kaka ita ce Hannatu, a Luka 2:36-38. Shekara 7 kawai ta yi da mijinta ya rasu, Luka kuma ya ambaci shekara 84 a kanta. Ba ta rabuwa da Haikali, dare da rana tana azumi da addu'a. Ranar da aka kawo jariri Yesu, cikin dukan masu kai da komo a wurin, tsofaffi 2 ne aka ce sun gane shi, ita da Saminu. Hannatu ba ta riƙe abin a ciki ba, ta yi ta ba masu jiran fansar Urushalima labarinsa. Ni a ganina doguwar addu'ar nan da ake ƙorafi a kai, ita ce ta wanke wa Hannatu ido har ta gane wanda take jira.

Muryar da ta yi ƙasa kuwa, ai don haka aka yi lasifika.

Kada ki je wa shugabanni da faɗa. Ki samu matar fasto, ki nuna mata Titus 2:3-5, inda aka ɗora wa tsofaffin mata nauyin koyar da ƙanana, ki roƙa a ba kaka aiki na gaske, kamar zama da amare ko addu'a domin marasa lafiya. Kujerar girmamawa kaɗai ba za ta share mata hawaye ba. Kafin nan, ki je ɗakinta da yamma, ki durƙusa, ki ce, "Kaka, ki yi mini addu'a." Kome tsawonta, ki jira har ta ce amin.