Allurar zazzaɓin cizon sauro: in ci gaba ko in tsaya a gidan sauro?

Tambaya: Ɗana ya karɓi allurar farko ta zazzaɓin cizon sauro a Techiman, lokacin da na je wurin mahaifiyata. Daren nan jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono. Mun dawo Kumasi, surukata ta ce a bari, mu sayi sabon gidan sauro da maganin shafawa, ya wadatar. Ni kuma kullum na je awo sai na rufe teburina na koko. Me zan yi? (Maman Abdul, Aboabo)

Amsa: Maman Abdul, zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan allura abu ne da aka sani, kuma yana wucewa. Idan ya wuce haka, ko yaro ya fara jijjiga, asibiti za ki nufa, kada ki tsaya kemis sayen magani ba tare da gwajin jini ba.

Hajiya surukarki ba ta yi kuskure a kan gidan sauro ba, ki saya. Amma ki tuna sauro ba ya jiran a kwanta. Yaron da ke goye a bayanki da magariba kina dama koko, wane gidan sauro ne ya rufe shi? Allurar ma ba ta hana cutar baki ɗaya, tana dai rage yawan kamuwa da tsananinta. Biyun tare ake so.

Ba sabon abu ba ne a Ghana. An gwada allurar, mai suna RTS,S, a Agogo da Kintampo, sannan a 2019 aka fara bayar da ita a Ghana da Kenya da Malawi. A gundumomin da aka yi, mutuwar yaran da suka isa karɓa ta ragu da kashi 13 cikin 100.

Allura huɗu ce: wata 6, wata 7, wata 9, sai ta ƙarshe wajen wata 18. Ta huɗun nan ita ce iyaye mata suka fi mantawa, don yaro ya tashi yana gudu, ana ganin an gama.

Kyauta ce a asibitin gwamnati. Kuɗin torotoro (motar haya) da cinikin safe ɗaya ne asararki, kuma kwanciya asibiti ɗaya ta cinye ninkinsu. Ki ɗauki katin awo ki nuna wa nas, ki tambaye ta inda ake bayarwa kusa da ke, domin ba a fara ta a dukkan gundumomi lokaci guda ba. In da hali, ki tafi da Hajiya ta ji da kunnenta.