Haɗin wutsiyar kurciya yana fito mini da giɓi: in cike ko in sake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan koyo ne a shagon kafinta a Zariya. Na fara gwada haɗin wutsiyar kurciya a kan durowa, amma duk wanda na yanka sai ya fito da giɓi, wani har haske ake hangowa ta ciki. Ɗaya kuma ya matse, da na buga masa guduma sai katakon ya tsage. Maigidana ya ce in cusa garin katako da gam in wuce wurin. Abin ya fara karya mini gwiwa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yar da ko ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓaci, kuma kada ka yi gaggawar cike su. Inda giɓin ya faɗo shi zai gaya maka abin da hannunka ya yi.

A wannan haɗin, ana yanka bakin allo ɗaya kamar wutsiyoyin kurciya, a yanka haƙora a bakin na biyu su shiga tsakaninsu. Yawancin masu koyo suna damun kansu da karkatar wutsiya. An saba da 1 cikin 6 (wato karkatar milimita 1 a kowane tsawon milimita 6) a katako mai taushi irin obeche, 1 cikin 8 a mai tauri irin maɗaci ko loko. To, ko zartonka ya ɗan kauce wa wannan, babu laifi, tunda daga jikin wutsiyar za ka zana haƙoran katako na biyu, su kuma za su bi yadda ta fito. Abin da ba shi da afuwa shi ne yankan ya karkace ta kaurin katakon. Ɗauki sikwaya ƙarama, wato ma'aunin kusurwa, ka ɗora a gefen kowace wutsiya, daga fuska zuwa baya. In ba ta zauna daram ba, ka gano mai laifi: haɗin zai matse ta ciki ya buɗe baki ta waje, ko akasin haka. Maganinsa yana jikin zarto. In ƙarfensa yana da sheƙi, dubi hoton gefen katakon a ciki kafin ka fara ja. Idan hoton da katakon sun zama layi ɗaya miƙaƙƙe, zarton yana daidai. Idan layin ya karye, gyara hannu.

Giɓi mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa kuwa, zarto ne ya ci layi. Shi kansa yana cin kusan rabin milimita zuwa milimita guda, saboda haka in ka bi tsakiyar layi a gefe biyu na haƙori, ka rage shi fiye da yadda gam zai iya rufewa. Yi zanen da wuƙa mai kaifi maimakon fensir, sannan ka sa zarto a ɓangaren da za a zubar, layin ya rage a jikin haƙorin. Kuma ka sa alamar X a kan duk abin da za a cire. Kada ka raina wannan alamar: da yawa sun yanke haƙorin da ya kamata ya tsaya, suka bar shara.

Akwai kuma giɓin da ke kwance a gindi, a kan layin geji, wato layin da ke nuna iyakar zurfin yanka. Wannan aikin cizil ne. In ka dasa shi kan layin tun farko ka buga, gangaren bakinsa zai tura shi baya ya ƙetare layin. Fara sara milimita 1 ko 2 gaban layi, ka kwashe mafi yawan naman, sai yankan ƙarshe siriri ya zauna cikin layin. Ka sare rabi daga wannan fuska, ka juya ka ƙarasa daga waccan.

Wanda ya tsage, guduma ce ta tsaga shi. Haɗi mai kyau da hannu yake fara shiga, sai ɗan bugu mara ƙarfi ya ƙarasa. In ya cije, goga fensir a gefen haƙoran, ka tura kaɗan, ka zare. Inda baƙin ya shafa a jikin wutsiya nan ne matsin yake, nan kaɗai za ka fere. Ka tuna kuma gam yana kumbura katako, saboda haka abin da ya matse a bushe zai fi matsewa a jiƙe.

Maganar maigidanka tana da wurinta. A bayan durowa, inda ido ba ya kaiwa, giɓi ɗan siriri garin katako da gam ya ishe shi. A fuska dai ban yarda da shi ba, domin da an shafa fanis zai fito fili kamar tabo. Abin da ya fi shi ne ka fere ɗan siririn katako daga ragowar wannan allon, ka shafa gam, ka cusa ta yadda jijiyarsa za ta bi ta haƙorin, in ya bushe ka yanke ka goge. Giɓin da ya yi ƙanƙanta ga hakan, shigar da zarto ka faɗaɗa shi daidai, sannan ka cusa.

In kuwa ya ɓaci gaba ɗaya, yanke shi a kan layin geji. Allo mai kaurin milimita 18, asararka a tsawo milimita 18 ce, sai dai ka rage abokinsa na ɗaya gefen durowar su zo daidai. Shi ya sa yake da kyau ka bar rara a tsawon allo. Don gwaji, samu allo biyu na obeche, ka yanka haɗi, ka datse shi, ka rubuta lamba da abin da ya faru a jikinsa, ka sake wani. Jera su a kan benci za ka ga ko kuskure ɗaya ne ke maimaituwa.

Ka kuma lura da katakon kansa. Yawancin wanda ake kawo mana daga kudu yana zuwa da danshi, hunturu kuma ba ya raga masa. Allon da ya lanƙwashe ba zai ba ka zane na gaskiya ba komai kyan hannunka. Jera shi a inuwa da ƴan sanduna a tsakani ya sha iska na wasu makonni, ka sake daidaita fuskarsa, sannan ka kafa geji.